Yadda za ka zaɓi lojisiyel ɗin haɗa kiɗa da ɗaukar murya

Kusan kullum in muna zaune fada da dare ana shayi sai wani yaro ya matso ya ce babban yaya wane lojisiyel (wato manhaja) ne ya fi, FL Studio ko Cubase? Amsata ɗaya ce, mi kake son ka yi da shi? Don na ga matasa da yawa nan Maradi sun cika kwamfuta da manhaja biyar shida, kowace a buɗe a leƙa a rufe, shekara ta zagayo ba a gama waƙa ko ɗaya ba, kuma wallahi abin na min ciwo don wasunsu Allah ya ba su baiwa ta gaske. To ga hanyar da nake bi da duk wanda ya zo wurina.

Mataki na farko, ka faɗa wa kanka gaskiya wane aiki za ka fi yi. Haɗa kiɗa daban, ɗaukar murya daban, ko da yake kowace babbar manhaja na iya yin duka biyun, akwai inda kowace ta fi sauƙi a hannu. In kai mai haɗa bit ne, wato kiɗan da ake ɗora waƙa a kai, kana son ka jera ganga da bas da linzami ba tare da ka iya piyano sosai ba, FL Studio ya fi dacewa da kai. Wani kamfani ne na Beljiyam mai suna Image-Line ke yin shi, da can sunanshi FruityLoops kafin a canza a 2003, shi ya sa har yau tsofaffin hannu ke ce mishi Fruity. In kuwa irin aikinmu na nan ne, waƙar biki, ta yabo, ƙasida, inda makaɗi ke buga komai a piyano Yamaha sannan mawaƙi ya shiga, ƴan amshi su bi baya layi bisa layi har murya goma ko fi, to Cubase ka duba. Na kamfanin Steinberg ne na Jamus, tun 1989 yake, kuma yanka murya da jera ta a cikinshi akwai daɗi. Mai wa'azi ko mai tallar rediyo da murya kawai yake so ya ɗauka ya goge hayaniya, Audacity ta ishe shi, kyauta ce, kar ya wahalar da kanshi.

Na biyu, duba na'urar da ke hannunka kafin ka duba sunan manhaja. Yawancinmu kwamfutar hannu ce ta biyu muke saye a kasuwa ko a kawo mana daga Katsina, wata ram ɗinta giga 4 ne kawai. In haka ne kar ka ɗora mata sabon Cubase ka ce za ka loda fulogin ashirin, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙarawa a ciki, za ta riƙa kakkatsewa tana ƙara kamar ana soya ƙwai. Giga 8 shi ne inda mutum ke fara numfasawa, in kuma ka samu ka sa mata diski SSD za ka ga bambanci tun daga kunnawa. Ga mai ƙaramar na'ura ni Reaper nake nuna mishi, fayil ɗin saukewarshi ƙarami ne ƙwarai ko da megan waya ka sauke shi, kuma yana tafiya lafiya lau a tsohuwar kwamfuta. Logic da GarageBand kuma na kayan Apple ne kaɗai, in Windows gare ka ka cire su daga lissafi. Wanda waya kawai ya mallaka shi ma kar ya ce sai ya samu kwamfuta zai fara, akwai BandLab kyauta, akwai FL Studio Mobile na saye, ka fara koyon jera kiɗa da su, sai dai BandLab na son intanet sosai.

Ga maganar kuran. In kwamfutar tebur ce ka sayi ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya tafi, tun ranar farko, in ta hannu ce ka tabbata batirinta na riƙe caji. Sannan ranar da ka sa manhaja, kafin komai, shiga saitin ka kunna ajiya ta kai da kai, kowane minti biyar. Na taɓa ɗaukar wata baiwar Allah da ƴan amshinta huɗu, lokacin zafin watan Afrilu, mun kashe fanka don kar iskarta ta shiga mikro, gumi na zuba, mun kai baiti na shida kuran ya tafi. Babu abin da ya rage. Kuɗin kabu-kabu na ba su suka koma gida suka dawo washegari, kuma muryar ba ta sake fita kamar ta jiya ba.

Mataki na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, gwaji da waƙa ta gaske. Kar ka zaɓa don ka ga bidiyon wani furodusa a YouTube. Ɗauki manhaja biyu kacal, ka ba kowace sati guda, ka yi waƙa ɗaya iri ɗaya a cikinsu tun daga kiɗa har fitar da MP3. FL na ba ka gwaji ba iyakar lokaci, za ka iya ajiye aiki har ka fitar da sauti, amma ba za ka iya sake buɗe abin da ka ajiye ba sai ka biya, don haka ka gama a zama ɗaya. Reaper kwana 60 yake ba ka cikakke ba a rage komai ba.

A cikin satin nan abu uku za ka lura da su. Na ɗaya jinkirin sauti, ka sa kaski a kunne ka yi magana a mikro, in ka ji muryarka na dawo maka a makare to mawaƙi ba zai iya bin kiɗa ba. Sau da yawa ba laifin manhajar ba ne, direban sauti ne, shiga saitin odiyo ka zaɓi direban ASIO na kart son ɗinka, wato akwatin da ke haɗa mikro da kwamfuta, in ba ka da kart son ka sa ASIO4ALL, sannan ka rage bafa, wato yawan sautin da na'ura ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka, in ka zo mikis, wato daidaita kiɗa da muryoyi, ka maida ta 512 ko 1024 don na'ura ta huta. Mikro irin na studiyo kuma ba ya magana sai ka danna maɓallin 48V a jikin kart son, yara nawa suka kawo min mikro wai ya lalace alhali wanga maɓalli ne kawai.

Na biyun, kuma nan nake son ka tsaya sosai, shin manhajar na barin ka yi kiɗanmu yadda yake? Yawancinsu in ka buɗe suna zuwa ne a kan awo 4/4, a FL za ka ga gidaje 16 a jere, alhali da yawa daga kiɗan kalangu da na gargajiya tafiyar uku uku suke yi, sai ka maida awon 6/8 ko ka sa layukan su rabu uku uku kafin ya zauna. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta tura kiɗan biki cikin gidaje 16 ya rasa mi ya sa ba ya motsa jiki. Kuma kalangu ganga ce mai magana, makaɗi na matse tsirkiya a hammata sauti ya hau ya sauka, samfur ɗaya da ka sauke a intanet ba zai ba ka wannan ba. Kira makaɗi, ka kafa mishi mikro, ka ɗauke shi minti uku, haka gurmi haka kukuma. Sai ka gwada a wace manhaja ce ka fi saurin yanka abin da ya buga ka jera ba tare da ka daidaita shi da ƙarfi har ranshi ya fita ba.

Na ukun gyaran murya. Mutanenmu na son otocun, mai daidaita murya da kiɗa, ba laifi, amma Auto-Tune na asali na kamfanin Antares ne kuma sayenshi daban ake. Reaper na zuwa da ReaTune a ciki, babban Cubase na da VariAudio, akwai kuma na kyauta irin su MAutoPitch da GSnap.

Mataki na huɗu kuɗi. Lasisin Reaper na mai ƙaramin aiki dalar Amurka 60 ne, wajen jikka 35 na sefa kenan gwargwadon canji. FL in ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada, amma ka kula, mafi arha wato Fruity Edition ba ya ɗaukar murya ta mikro, daga Producer Edition ake farawa in kana son ɗauka. Wasu kart son kuma in ka saye su sababbi a kwali suna zuwa da ƙaramin Cubase ko wata manhajar kiɗa mai suna Ableton a ciki, ka duba takardar kafin ka jefar. Na san yawanci kirak, wato manhajar da aka fasa ba a biya ba, ake zuba wa mutane a kile, ni ma da shi na fara, har ranar da wanda aka zuba min a wani shago ya shigo da birus ya cinye min aikin wata uku na mutane da suka riga suka biya. Ga haƙƙin masu shi kuma. In ba hali, ka riƙe na kyauta har Allah ya hore.

Na ƙarshe, leƙa studiyon da ke kusa da kai, ko unguwar Zariya kake ko Ali Ɗan Sofo nan Maradi, ka ga mi suke aiki da shi, don ranar da abu ya cije maka ƙarfe sha ɗaya na dare wanda zai zo ya duba maka ya fi bidiyo ɗari amfani. In kuma naku ya bambanta ba matsala, fayil ɗin FL ba ya buɗewa a Cubase, amma sai ka fitar da kowane layi daban a fayil ɗin sauti na WAV, 24 bit, dukkansu su fara daga daƙiƙar farko, ka rubuta gudun kiɗan a sunan fayil ɗin, ka zuba a kile ka kai mishi, ko Zinder ko Kano ka tura za su buɗe su yi mikis ba tare da sun kira ka ba.