Yadda Ake Haɗa Gilashin Da Wutar Lantarki Ke Washewa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a bakin titin Samaru ya ga abin da ke faruwa da takardar da aka naɗe shi a ciki: inda mai ya taɓa ta ana iya hango yatsa ta bayanta, inda bai taɓa ba kuwa tana nan fara. Takarda fara ce saboda zarurrukanta da iskar da ke tsakaninsu ba sa lanƙwasa haske daidai da juna, shi ya sa hasken yake warwatsewa, amma da zarar mai ya kori iskar ya cike gurbinta sai bambancin ya ragu, haske ya sami hanyar wucewa. A kan wannan ƙa'ida aka gina gilashin da yake fari kamar nono idan babu wuta, ya koma garau idan an kunna masa ita, wanda masana ke taƙaita sunansa da PDLC. Abin da ke tsakanin fallayensa biyu shi ne miliyoyin ƙananan ɗigon ruwan kiristal da aka daskarar da folima, wato abu dangin roba, a kewayensu.

Ruwan kiristal abu ne mai gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa dogaye ne, kuma suna jeruwa su fuskanci gefe ɗaya. Friedrich Reinitzer ne ya fara lura da shi a birnin Prague a shekarar 1888, sai dai hanyar da za a bi a nan ta fito ne daga aikin J. William Doane da abokan aikinsa a Jami'ar Kent State da ke jihar Ohio ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1980. Ɗalibin kimiyyar sinadarai, ko na fiziks, ko na sashen folima a Jami'ar Ahmadu Bello zai iya haɗa ɗan samfuri mai faɗin santimita biyu ko uku a wuni guda, muddin kayan sun samu.

Kayan aiki da dalilin zaɓensu

Ruwan kiristal da aka fi sani a ɗakunan gwaji shi ne 5CB, wanda George Gray ya haɗa a Jami'ar Hull ta Ingila a 1972, amma shawarata ita ce kada a yi wannan aiki da shi a Zariya. Dalili kuwa shi ne jeruwar ƙwayoyinsa tana rushewa a kusan digiri 35 na ma'aunin Salshiyos, ya koma ruwa kamar kowane ruwa, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin rana a garin nan yakan wuce haka. Samfurin da ya yi aiki da hantsi zai iya ƙin aiki bayan azahar, mai shi ya ɗauka kuskure ya yi. Abin da ya dace shi ne gaurayen da ake kira E7, wanda fiye da rabinsa 5CB ne, amma sauran sinadarai uku da ke cikinsa sun ɗaga jurewarsa zuwa kusan digiri 60.

Folimar da ake yawan haɗa shi da ita ita ce NOA65, wani gam na kamfanin Norland da ke daskarewa idan hasken ultrabayolet, wato UV, ya same shi. An zaɓe shi ne saboda lamba: ma'aunin lanƙwasa haskensa 1.524 ne, shi kuma E7 yana da ma'auni biyu, kusan 1.52 ga hasken da ya bi tsawon ƙwayoyinsa, da kuma abin da ya kai kusan 1.74 ta ɗaya fuskar. Idan babu wuta, kowane ɗigo yana fuskantar inda ya ga dama, haske yana cin karo da ma'aunai mabambanta, sai ya warwatse. Idan aka sa wuta, ƙwayoyin duk suna miƙewa daga wannan gilashi zuwa wancan, haske ya tarar da 1.52 a cikin ɗigo da 1.52 a cikin folima, ya wuce kamar babu komai a gabansa.

Sauran kayan su ne gilasai biyu masu shafen ITO, wanda siririn shafe ne da ke ɗaukar lantarki kuma ana gani ta cikinsa, da siririyar leda ko ƙwayoyin tazara da za su raba gilasan biyu, masu kaurin maikuromita 10 zuwa 20 (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), da fitilar UV mai tsawon zangon haske nanomita 365, da asiton, da aisofurofanol, da sikeli mai auna miligiram, da rishon lantarki, da matsen takardu, da mita irin ta masu gyaran rediyo.

Wanke gilashi da haɗa gida

Da farko a gano fuskar da ke da shafen ITO, domin ido ba ya bambancewa: a ɗora wayoyin mita biyu a kan fuska ɗaya, wadda ta nuna lantarki na wucewa ita ce mai shafe. A wanke gilasan da sabulu da tataccen ruwa, sannan asiton, sannan aisofurofanol, a bar su su bushe a cikin rufaffen mazubi, kuma daga nan kada a sake taɓa su sai da safar hannu. Wanda ke aiki a Disamba ko Janairu ya ninka hattara, domin ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya tak za ta iya kai kaurin tazarar da ake nema, ta ɗaga gefe guda na gilashin, samfurin ya fito da dabbare-dabbare.

A haɗa gilasan fuska mai shafe tana kallon 'yar'uwarta, a sa siririyar ledar a gefuna biyu, a kuma goce su kaɗan yadda kowanne zai bar baki na kusan rabin santimita a waje, wurin da za a maƙala waya. A matse da matsen takardu, sannan a sake gwadawa da mita tsakanin bakunan biyu. Idan ta nuna lantarki na wucewa, to fuskokin sun taɓa juna, sai a warware a sake.

Gauraya da cikawa

A auna E7 da NOA65 rabi da rabi ta nauyi a cikin ƙaramar kwalba mai duhu, ko wadda aka naɗe da takardar alminiyom. Rabin giram na gaurayen ya isa samfura da yawa. A ɗumama a kan risho zuwa kusan digiri 60, ana juyawa a hankali don kada kumfa ta shiga, har sai ya zama ruwa ɗaya garau babu zane-zane. Duk wannan a yi shi nesa da taga, domin hasken ranar Zariya yana ɗauke da UV da zai fara daskarar da gam ɗin tun yana cikin kwalba. A ɗumama gidan gilashin shi ma, a ɗiga ɗigo ɗaya a bakin da ke buɗe, sai ruwan ya shige da kansa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A bar shi ya kai ɗaya bakin ba tare da an danna ba.

Daskarwa, inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace

Lokacin da UV ya sauka a kan samfurin, ƙananan ƙwayoyin gam suna sarƙewa su zama dogayen sarƙoƙi, kuma ruwan kiristal da ya narke a cikinsu tun farko ba ya iya ci gaba da zama, sai ya ware ya taru ɗigo-ɗigo, folimar ta daskare ta kulle shi a haka. Mai aiki zai ga wannan da idonsa, domin samfurin da ya shiga garau zai fito fari. Girman ɗigon kuwa ya danganta ne da saurin daskarewar. Haske mai ƙarfi yana kulle su tun suna ƙanana ƙwarai, kuma ƙaramin ɗigo yana buƙatar wuta mai yawa kafin ƙwayoyinsa su juya, saboda bangon folima yana riƙe da su ta kowane gefe. Haske mai rauni yana ba su lokaci su haɗe su girma, su riƙa juyawa da 'yar wuta kaɗan, amma farinsu ba ya rufe abin da ke baya sosai. Abin da ake nema shi ne ɗigo mai faɗin maikuromita ɗaya zuwa biyu.

Saboda haka ban ga hikimar haɗa samfuri ɗaya ba. A haɗa huɗu ko biyar daga gauraye guda, a ajiye kowanne a nisa daban daga fitilar, a bar su su daskare sarai, a rubuta nisan da mintocin da zafin ɗakin. Wanda ya yi niyyar aron fitilar gano jabun kuɗi ya duba lambarta tukuna, domin da yawa daga cikinsu nanomita 395 ne, shi kuma NOA65 ya fi karɓar haske tsakanin 350 da 380. A rufe fitilar cikin akwati, a kuma sa tabarau mai tare UV, domin wannan haske yana cutar da ido.

Gwaji

Wutar da ake sa wa samfurin dole ta zama mai kai da komo, wato AC. Wutar batir mai tafiya gefe ɗaya tana tara gurɓatattun ƙwayoyi masu caji a kan fuska guda, tana lalata ruwan kiristal da shafen ITO sannu a hankali. A ɗakin gwaji an fi amfani da na'urar samar da sigina a kan hatz 1000, wato kai da komo sau dubu a daƙiƙa, tare da amfilifaya, a fara daga sifili ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma samfuri mai wannan kauri yakan washe ne a kan gomomin bolt. Kada a kuskura a jona shi kai tsaye da wutar bango mai bolt 230, domin za ta huda siririn shafen, kuma haɗari ce ga mai riƙe da shi.

Don samun lambobi, a haska ƙaramar fitilar leza ta cikin samfurin zuwa na'urar auna haske, a rubuta abin da ya wuce a kowane matakin wuta, yayin hawa da yayin sauka, idan kuma aka zana lambobin za a tarar layin hawa da na sauka ba su hau kan juna daidai ba. A karkata samfurin yana kunne, za a ga ɗan hazo ya dawo, domin hasken da ya shigo a karkace ba ya tarar da ma'aunin 1.52 zalla. Idan samfuri ya ƙi yin fari bayan daskarwa, a ƙara kason E7 zuwa kashi 60 cikin ɗari. Idan ya yi fari amma ya ƙi washewa, a nisanta fitila a zagaye na gaba. Daga ƙarshe a toshe gefuna da gam mai ƙarfi don kada danshin damina ya shiga, a ajiye samfurin inda rana ba ta dukansa.