Yadda Iyaye Za Su Yi Idan Mura Mai Zazzaɓi Ta Ɓarke a Makarantar 'Ya'yansu

Da zarar hunturu ya kankama, tagogin azuzuwa sai a rufe su saboda sanyi da ƙura, ga yara cunkushe a benci ɗaya, wannan na tari, wancan na jan majina. Kafin a ankara labari ya kai zauren WhatsApp na iyaye: yara da dama sun kwanta a aji kaza. Nan take hankali ya rabu biyu, wasu su ce a rufe makaranta, wasu su ce ai mura ce kawai.

Fargabar tana da dalili. Murar da likitoci ke kira infuluwenza daban take da yoyon hancin da muka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara tana kwantar da mutum miliyan 3 zuwa 5 kwanciya mai tsanani, tana kuma sanadin mutuwar 290,000 zuwa 650,000. A annobar 2009, wadda ta faro daga Meziko, yara da matasa ne suka fi kamuwa, makarantu kuma suka zama manyan wuraren yaɗuwarta. Duk da haka mafi yawan yara suna warkewa cikin mako guda a gida. Abin da ke gaban uwa da uba shi ne su san ranar da yaro zai zauna gida, da alamar da ke nufin a tafi asibiti yanzu.

Mataki na 1: Ku gane irin murar

Mura ta yau da kullum takan shigo a hankali. Atishawa, toshewar hanci, ɗan tari, amma yaron yana wasansa, yana cin tuwonsa. Infuluwenza kuwa farat ɗaya take kayar da yaro. Ya tafi makaranta garau, ya dawo jiki zau, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari da kasala. Ƙananan yara wani lokaci har da amai da gudawa.

Ku nemi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a gida, ana samunsa a kemis. Tafin hannu a goshi yana ruɗin mutum, musamman da sanyin asuba. Idan ma'auni ya nuna 38 ko fiye, zazzaɓi ne.

Mataki na 2: Yaro mai zazzaɓi ba ya zuwa makaranta

Nan ne duk maganar take. Ƙwayar cutar tana fita ne cikin feshin tari da atishawa da magana, tana kuma maƙalewa a hannu, a moɗa, a murfin biro da yara ke taunawa. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo kwana 1 zuwa 4 ne. Mai ɗauke da ita yana iya yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji komai, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, ƙananan yara ma su zarce haka. Kwanaki ukun farko su ne mafi haɗari ga na kusa da shi.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne al'adar ba yaro farasitamol da safe a sa masa kayan makaranta. Maganin zai sauke zafin na 'yan awoyi, malami ya ga yaro kamar lafiya lau, alhali ƙwayar cutar tana nan tana fita da kowane tari. Kafin azahar zazzaɓin ya dawo, ya riga ya zauna kafaɗa da kafaɗa da abokansa rabin yini. Na san abin da ke sa iyaye yin haka. Uwa ma'aikaciya ce ko 'yar kasuwa, babu wanda za a bar wa yaron. An biya kuɗin makaranta da kyar. Ga jarrabawar ƙarshen zangon farko da kan faɗo a Disamba, tsakiyar sanyi. Duk waɗannan uzurori ne na gaske, amma a cikin ajin nan akwai mai sikila, akwai mai asma, akwai wanda zai koma gida ya rungumi ƙanwarsa jaririya.

Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: yaro zai koma makaranta bayan ya yi awa 24 cur babu zazzaɓi, ba tare da an ba shi maganin sauke zafi ba, kuma ƙarfinsa ya fara dawowa. Idan an ba shi farasitamol da daddare, safiyar ba ta shiga lissafi. Tarin yana iya jan mako biyu, wannan kaɗai ba ya hana komawa aji.

Hutun ya haɗa da Islamiyya da makarantar allo da darasin yamma. Iyaye da yawa sukan hana yaro zuwa boko, da la'asar kuma su tura shi Islamiyya, inda zaman ma ya fi matsewa. Haka gidan biki da gidan suna. Ku yi wannan shiri tun kafin ciwo ya zo: wa zai zauna da yaro idan ya kwanta? Idan da hali, kada a ce kaka, domin tsofaffi na cikin waɗanda murar ta fi yi wa illa.

Yaron da yake lafiya kuwa ya ci gaba da zuwa makaranta, ko da ɗan uwansa na kwance, sai dai ku riƙa duba shi kowace safiya. Kulle lafiyayyen yaro a gida saboda tsoro ba ya hana shi cuɗanya da yaran unguwa, karatu kawai yake rasawa.

Mataki na 3: Jinya a gida

Hutu da ruwa su ne kan gaba. Koko, kunu, romo, lemo, ruwan ɗumi, duk abin da zai karɓa, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mai shan nono a ƙara ba shi. Kada a tilasta masa abinci mai nauyi. Kada kuma a lulluɓe shi da barguna wai don ya yi gumi, riga marar nauyi da mayafi ɗaya sun isa.

Farasitamol ana auna shi ne da nauyin yaro: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, tazarar awa 6, kada ya wuce sau 4 a kwana guda. Ku nemi ma'aikacin lafiya ya nuna muku a jikin murfin awo. Ku duba kwalin duk wani maganin mura, domin da yawansu akwai farasitamol a ciki, idan aka haɗa biyu hanta ce ke wahala.

Asfirin kada a ba yaro ko matashi mai mura. Yana iya jawo wani ciwo mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Garin maganin ciwon kai na cikin 'yar takarda da ake sayarwa a tireda, wasunsa akwai asfirin a ciki.

Antibayotik irin su amoksisilin ba sa taɓa ƙwayar mura ko kaɗan, bakteriya suke kashewa, ita kuwa mura bairos ce. Likita ne zai rubuta su idan ciwon ya rikiɗe zuwa nimoniya, wato ciwon huhu, ko ciwon kunne. Maganin tari na ruwa ba shi da wani amfani ga ƙananan yara, kuma abin da ya faru a Gambiya a 2022, inda gurɓataccen maganin tari ya kashe yara kusan 70, ya isa ya sa uwa ta duba lambar NAFDAC kafin ta buɗe kowace kwalba. Ƙaramin cokalin zuma kafin barci yana sassauta tari ga wanda ya haura shekara ɗaya. Wanda bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Tunda a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ba ya ƙarewa, a yi wa yaro gwajin nan na ɗigon jini a yatsa, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Idan babu maleriya, babu dalilin ba shi maganinta.

Sai batun kaskon gawayi. Sanya shi a ɗaki a rufe ƙofa da taga don a ɗumama majinyaci yana iya kashe kowa da ke ɗakin, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari. Turaren wuta da hayaƙin icce ma suna tsananta tari.

Mataki na 4: Alamomin da ba a kwana da su

Ku ɗaga rigar yaron lokacin da yake kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wanda ya haura 5, idan ya wuce 30 a kai shi a duba. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, huhu ne ke neman taimako.

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

- leɓɓansa sun yi duhu, ko yana nishi da kyar
- ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo
- ya yi awa 8 bai yi fitsari ba
- ya yi jijjiga, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai
- zazzaɓi ya sauka, sai ya dawo da tari mai tsanani fiye da na farko
- jariri ne ɗan ƙasa da wata 3 kuma jikinsa ya yi zafi

Zazzaɓin da ya wuce kwana 3 ma yana buƙatar likita.

Akwai cututtuka biyu da kan fara da kamannin mura a daidai wannan lokaci. Ɗaya mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022 kuma ya fi yin ɓarna a Kano cikin 2023, har ya taɓa yankin Damagaram. Ku sa yaro ya buɗe baki ku haska da tocila. Idan kun ga wata fata mai launin toka ta manne a maƙogwaro, ko wuya ya kumbura, ko murya ta shaƙe, kada ku kankare, kada ku kai shi wurin wanzami a cire beli, asibiti za ku nufa. Ɗayar kuma sanƙarau: zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, wuya ya sandare, yaro ba ya son haske. Wannan a cikin awoyi yake kisa.

Yaro mai sikila, asma, ciwon zuciya, ciwon suga ko tamowa, da wanda bai kai shekara 2 ba, ba a jiran alamar haɗari a kansu. A kai su tun ranar farko. Akwai maganin infuluwenza mai suna oseltamivir da likita kan rubuta wa irinsu, kuma ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48.

Mataki na 5: Kare sauran mutanen gida

A gidan da ake kwana ɗaki ɗaya, ware majinyaci gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu: shimfiɗarsa daban, kofinsa da cokalinsa daban, ya daina sa hannu a kwanon tarayya har ya warke, a buɗe taga da rana. Mutum ɗaya ya ɗauki jinyar, kada ta zama mai juna biyu. A nisanta shi da jariri.

Ku ajiye sabulu kusa da buta. Wanke hannu na daƙiƙa 20 idan an dawo daga makaranta, kafin cin abinci, da bayan fyace majina. Ku koya wa yara yin atishawa a gwiwar hannu ko cikin hankici. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannunsa ko tufarsa, kuma yara sun fi saurin riƙe abu idan aka haɗa musu shi da sunna.

Allurar rigakafin infuluwenza ba ta cikin jerin alluran da gwamnatin Najeriya ke yi wa yara kyauta. Ana samunta a wasu asibitoci masu zaman kansu, ana sabunta ta duk shekara, kuma ana iya yi wa yaro daga wata 6. Mai ɗa mai sikila ko asma ya tambayi likitansa. Amma kowa ya ɗauko katin rigakafin 'ya'yansa ya duba ko an kammala alluran mako 6, 10 da 14, waɗanda suka ƙunshi kariyar mashaƙo da nimoniya, da ta ƙyanda ta wata 9. Wanda ya tsallake wata, a koma asibitin unguwa a cike masa.

Mataki na 6: Ku je makaranta ku yi magana

Ku sanar da malamin aji ranar da yaro ya kwanta, ku faɗi gaskiyar abin da ke damunsa. Ta haka makaranta za ta gane idan aji ɗaya ya fara zubewa.

Sannan iyaye biyu ko uku, ko shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, su sami shugaban makaranta da buƙatu takamaimai. A buɗe tagogi ko da rabi ne, yara su sa rigar sanyi. A yayyafa ruwa kafin shara. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar aji. A ɗauke moɗar da kowa ke sha da ita, kowane yaro ya zo da gorarsa. Yaron da zazzaɓi ya kama a aji a zaunar da shi gefe a kira gida. Mafi muhimmanci, a yi alkawarin cewa wanda ya rasa gwaji ko jarrabawa saboda rashin lafiya za a yi masa tasa daga baya, ba kuma bulala ko tara don fashin jinya. Muddin babu wannan alkawari, iyaye za su ci gaba da turo yara da farasitamol a ciki.

Mai ɗa a makarantar kwana ya kira ya ji ko akwai ɗakin jinya daban da ɗakin kwana, da ko za a sanar da shi idan ɗansa ya kwanta.

Rufe makaranta hukunci ne na hukumomin lafiya da ilimi, bayan sun zo sun duba. Idan yara da yawa suka kwanta cikin 'yan kwanaki, ko aka kwantar da wani a asibiti, ko aka yi rashi, shugaban makaranta ya sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, akwai jami'in sa ido kan cututtuka a can. Kowane uba ko uwa ma na iya kiran NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, kyauta a lamba 6232. Saƙon muryar da ke yawo a waya, wanda ba a san mai shi ba, ba a san makarantar da yake nufi ba, kada ku tura shi gaba. Ku kira malamin ajin ɗanku ku tambaye shi yara nawa ne ba su zo ba yau, kuma me iyayensu suka ce yana damunsu.