Ƙananan Kurakuran Nahawu da Ke Juya Maganar Mutum

A baki, murya tana rufa mana asiri. Idan muka koma rubuta saƙo a waya, karin sauti da tsawon wasali duk sun ɓace, sai nahawu kaɗai ya rage ya ɗauki nauyin ma'ana. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe.

Wanda ya fi damuna shi ne "na zo". Wata rana yayana ya kira ni taro, na rubuta masa "To, na zo", ina nufin zan zo in hali ya yi. Shi kuwa ya karanta cewa na riga na iso, ya fito ƙofa yana dube-dube. A furuci su biyun sun bambanta, domin na alkawari sautinsa faɗuwa yake yi, amma a rubuce kamanninsu ɗaya. Gyaran mai sauƙi ne: rubuta "zan zo" ko "na iso", kowa ya huta.

Sai rabon kalmomi da haruffa masu lanƙwasa. "Bata" ba komai ba ce sai an tantance: "ba ta" ce ta korewa, ko "ɓata" ta lalatawa? Haka "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa". Wakilin suna kalma ce mai zaman kanta, a raba shi da aikatau: "ya ce", "ba ta zo ba". Kada kuma a yar da "ba" ta biyun.

Akwai wanda ya fi waɗannan zurfi, don yana taɓa zumunci. "Na biya" labari ne kawai. "Ni na biya" kuwa akwai nuna yatsa a ciki, kamar kana cewa sauran sun noƙe. Mutane da yawa suna gabatar da "ni" ba da niyyar gori ba, amma mai karatu gori yake ji. In ba jayayya ake yi kan wanda ya biya ba, bar "ni" ɗin.

Haka umarni. "Zo" tsirara ta dace da ƙaninka ko abokin wasanka. "Ka zo" ta fi taushi, "don Allah ka zo" ta fi ta. Ga dattijo kuwa, jam'i ake amfani da shi ko da shi kaɗai ne: "Baba, kun tashi lafiya? In kun samu dama ku leƙo mu."