Yadda Ake Tara Tsofaffin Finafinan Hausa a Kaset da Faifai

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, finafinan Hausa a kaset ɗin bidiyo suke zuwa gidajen mutane, daga baya aka koma faifan CD da DVD, har masu tura fim a waya suka karɓe kasuwar. Da yawa daga cikin waɗannan finafinai babu su a YouTube, tashoshi ba sa haska su, wasu ma kamfanonin da suka shirya su sun daɗe da rufewa. Kaset ɗin da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon gwaggonka zai iya zama shi ne kwafin da ya rage. Wannan ne ya sa nake ƙarfafa wa duk mai sha'awa gwiwa ya fara tarawa yanzu, kafin zafi da laima su gama da su.

Da farko ka zaɓi ɓangare guda ka riƙe. Finafinan kamfani ɗaya, ko na darakta ɗaya, ko na barkwanci, ko waɗanda suka fito kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Wanda ya ce komai zai saya, kuɗinsa za su ƙare ɗakinsa ya cika da tarkace.

Sai nema. Fara da gida: iyaye mata, yayye, da matan da aka kai su ɗaki da bidiyo a cikin kayan aure. Daga nan ka bi tsofaffin masu shagon hayar kaset na unguwa, domin da yawansu sun sauya sana'a amma buhunan suna nan a sito. A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata su ne matattarar dillalan finafinai a da, kuma tambaya a wurin dattawan harkar takan kai mutum ga wanda ya adana. Ka je da ladabi, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka: "Baba, tsofaffin kaset nake tarawa don kada su salwanta, ko akwai saura a wajenku?" Wani zai sayar, wani zai ba ka kyauta har da labarin yadda aka yi fim ɗin, kuma labarin nan ma abin rubutawa ne.

Dubawa kafin saye ita ce inda ya kamata ka ɓata lokaci. Ɗauki kaset ka leƙa ta tagar robar da ke gabansa. Idan ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Kada ka kuskura ka saka shi a na'ura, domin zai ɓata kan bidiyon, wato ɓangaren da ke karanta zaren, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ware shi a leda daban. Akwai ɗan maɓalli a gefen kaset, danna shi ka ɗaga murfin, ka duba zaren: in ya yamutse ko gefensa ya tattare, wata na'ura ta taɓa tauna shi. A bayan kaset kuma akwai ɗan harshen roba. Ɓalle shi da zarar ka saya, don muddin babu shi na'ura ba za ta ɗauki wani abu a kan fim ɗin ba.

Faifai kuwa, juya shi a haske. Ƙananan karce a ƙasa ba su cika hana shi yi ba. Abin tsoro a faifan CD shi ne karcen sama, wajen rubutu, saboda bayanan suna dab da wannan fuskar. Ɗaga shi saitin fitila, in haske yana ratsowa ta ƙananan huji, wurin ya mutu. Faifan da aka buga a masana'anta ƙasansa launin azurfa ne, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa yakan yi shuɗi-shuɗi, ko kore, ko shunayya, kuma ya fi saurin lalacewa. Duk da haka in shi kaɗai ka samu, ɗauka. Ka tuna faifan VCD, wato CD mai ɗauke da bidiyo, bai wuce ɗaukar minti 80 ba, shi ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu, ga kuma al'adarmu ta kashi na ɗaya da na biyu. Tabbatar ba rabi aka miƙo maka ba.

Kwali da fosta kada ka raina su. A jikinsu ake samun sunan kamfani, da na dillali, da 'yan wasan da aka manta da su. Haka tsofaffin mujallu irin su Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, suna taimakawa wajen gano shekarar da fim ya fito.

Na'urar bidiyo yanzu sai ta hannu, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera ta a 2016. Nemi mai tsarin PAL, wato tsarin hoton bidiyo da muke aiki da shi a Najeriya, ka kai wa mai gyara ya wanke mata kai ya duba bel. Gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna. In ka samu ta biyu da araha, saya saboda kayan gyara.

Wajen ajiya, a tsaye ake jera kaset da faifai kamar littattafai, a kan kanta nesa da ƙasa da bangon da ke tsattsafo da damina. Kada a ajiye su kusa da rufin kwano, ko cikin mota, ko inda rana ke bugawa. Kaset ba ya shiri da maganaɗisu, saboda haka a nisanta shi da lasifika. Da hunturu a rufe kantar saboda ƙura, a kuma riƙa leƙawa don gara da kyankyaso, su kwalayen suke ci. In za ka goge faifai, sa tsumma mai laushi ka ja daga tsakiya zuwa baki, ban da zagayawa. Kada a yi rubutu a kansa da biro.

Buɗe rajista, ko a littafi ko a waya: sunan fim, kamfani, darakta, shekara, inda ka samo shi, da halin da yake ciki. Abin da ba ka tabbatar ba, bar gurbinsa.

Mataki na ƙarshe shi ne kwafewa, kuma kada ka jinkirta shi. VCD yana da sauƙi: saka shi a kwamfuta, buɗe jakar MPEGAV, kwashe fayilolin DAT, manhajar VLC za ta kunna su. Kaset kuwa sai an haɗa bidiyon da kwamfuta ta ɗan abin ɗauka mai shiga USB, a bar fim ɗin ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe ana naɗa. Fara da waɗanda suka fi tsufa da waɗanda ba ka taɓa ganin irinsu a wani wuri ba. Ajiye kwafi biyu a ma'aji daban-daban, ɗaya a wani gida. Shi kuma fim ɗin yana da masu shi, ko magadansu, saboda haka kafin ka ɗora shi a intanet ka neme su ka samu izini, ka kuma ba su kwafi, don mai yiwuwa nasu ya ɓace.