Yadda Za Ka Shirya Fita Kamun Kifi a Teku Daga Accra

Idan kai da abokanka na unguwar Nima kuna son hayar jirgi ku shiga teku, fara da duba wata. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, ƙananan kifaye su cika gaɓa, manya kamar tuna su biyo su. Sai dai teku kan yi fushi a lokacin, kuma hukuma kan rufe kamu a tsakiyar shekara, don haka tambaya tukuna. Da hunturu ruwa ya fi kwanciya, amma hazo na rufe ido.

Kada ka sa ranar Talata. Masuntan ƙabilar Ga, mutanen Accra, ba sa fita a ranar.

Je Tema, tashar jiragen ruwa kusa da Accra, ka ga jirgin da idonka. Ƙirga rigunan hana nutsewa, a gama maganar kuɗin mai kafin a kunna inji.

Ku tashi bayan Asuba, ciki ba a cike da waake ba, in ba haka ba amai zai ba ka kunya. A can, duba inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa. Saki fatsa bayan jirgi yana tafiya a hankali. Kifi ya kama, kada ka fizga. Bar shi ya gaji, sannan ka jawo shi, ka binne shi cikin ƙanƙara nan take.