Kafin Mabiyin Hindu Ya Buɗe Littafinsa: Kurakuran da Baƙo Ya Fi Yi

Ɗalibanmu da ke karatu a Indiya, da masu zuwa jinya, da masu fassara fina-finan can zuwa Hausa, duk sukan ci karo da irin wannan zama: an kunna fitilar mai, turaren tsinke na tashi, an ɗora littafi a kan ɗan katako, mutane sun zauna a ƙasa suna fuskantar gabas ko arewa, amma an daɗe ba a buɗe shafin farko ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka jiran wani ake yi. A wurin masu gida kuwa karatu ya riga ya fara, kuma daga rashin fahimtar wannan yawancin kurakurai ke tasowa.

Wanda ya fi yi musu ciwo shi ne na ƙafa. Mabiya Hindu suna danganta littafi, kowane iri ne, da Saraswati, allahiyar ilimi a aƙidarsu. Shi ya sa ba sa ajiye shi a ƙasa, ba sa tsallake shi, ba sa miƙe ƙafa wajensa. Ko yaro ne ya taka littafin makaranta bisa kuskure, za ka ga ya taɓa shi da hannun dama ya kai hannun goshi ko idanu, alamar neman gafara. Littafin addini kuwa naɗe shi ake yi a ƙyalle, galibi ja ko rawaya, a ɗora kan katako mai ninkewa da suke kira rehal, irin dai wanda muke ɗora Alƙur'ani a kai. Idan ƙafarka ta taɓa, ba sai ka kwaikwayi ibadarsu ba. Ɗauke shi da hannun dama, ka mayar da shi bisa, ka ba da haƙuri. Kuma kada ka lashi yatsa don buɗe shafi. Mu mun saba da hakan, amma su yawu ƙazanta ne a wurin ibada.

Sai acamana. Bayan wanka da sa tufafi masu tsabta, mai karatu yakan zuba ɗan ruwa a tafin hannun dama, ya kurɓa sau uku, kowace kurɓa da ambaton ɗaya daga sunayen Bishnu, wanda ke cikin manyan allolinsu. Mai fassara da ya ce mutumin "yana alwala" ya rufe wa mai kallo hanyar ganewa, wanda ya ce "yana shan ruwa" kuma ya zubar da ma'anar baki ɗaya. A ce kurɓar tsarki, a bayyana ta sau ɗaya, ya isa.

Inda na fi ganin masu nazarin addinai na zamewa shi ne wajen raba addu'ar buɗewa da littafin kansa. Bagabad Gita, ɗaya daga manyan littattafan addininsu, babi 18 ce, baiti 700, kuma baitinta na farko tambaya ce da makahon sarki Diritarashtira ya yi wa mashawarcinsa Sanjaya kan abin da ke faruwa a fagen yaƙi. Amma bugu da yawa suna sa wasu baitoci tara a gaba, waɗanda ake kira Gita Diyanam. Baitocin tattara hankali ne da yabon Kirishna, allan da ke koyarwa a cikin Gita, da Biyasa, malamin da suke danganta littafin gare shi, ba sa cikin lissafin 700 ɗin. Wanda ya kafa hujja da su a matsayin babi na ɗaya ya yi kuskure. Tun kafin su ma, da yawa sukan fara da kiran Ganesha, mai kan giwa, domin shi suke ɗauka mai kawar da cikas, kuma a ruwayarsu shi ya rubuta Mahabarata, doguwar waƙar da Gita ke cikinta, yayin da Biyasa ke yi masa shifta. Akwai kuma sankalfa, wato furta niyya, inda mai karatu ke ambaton wuri da lokaci da dalilin zaman. Kalmar shanti da ake maimaitawa sau uku ma ba ado ba ce: neman zaman lafiya ne daga damuwar da ke fitowa daga jikin mutum da zuciyarsa, da wadda wasu halittu ke jawowa, da wadda ta fi ƙarfin ɗan Adam, kamar ambaliya ko tsawa.

Ga wani kuskure da zai iya jefa baƙo cikin kunya. A zaman karatun Ramayana, labarin sarki Rama da suke bauta wa, musamman waƙen mawaƙi Tulsidas da ya fara rubutawa a 1574, akan shimfiɗa ɗan mazauni a bar shi babu kowa. Ba na wanda ya makara ba ne. Na Hanuman ne, allan nan mai siffar biri da ke hidimar Rama, domin sun yi imani duk inda ake ba da labarin Rama yana halarta. Cire takalmi a bakin ƙofa, ka jira a nuna maka wurin zama.

Kada kuma ka kwaikwayi rerawar Beda, tsofaffin nassosin addininsu, don nishaɗi. Kamar yadda karin sauti ke sauya ma'anar kalma a Hausa, haka yake a tsohon harshen Sanskirit na Beda. Suna da labarin Tibashtar, wanda ya roƙi ɗan da zai kashe Indira, sarkin allolinsu, ya saɓa karin kalma ɗaya, sai ma'anar ta juya, aka haifi wanda Indira zai kashe. Shi ya sa daga bakin malami ake ɗaukar wannan karatu, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin manyan kayan gadon baka na duniya.

Ba ƙa'ida ɗaya ce ke bin kowane gida ba. Wani yakan tashi kamar awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana ya cika duk matakan nan, wani ya haɗa hannu ya ce "Om" ya buɗe. A jihar Kerala ta Indiya, wata guda suke warewa, Karkidakam, tsakanin Yuli da Agusta, suna karanta Ramayana a gidaje kowace yamma. A kudancin Indiya, ƙarshen bikin Nabaratiri na dare tara, akan jera littattafai gaban Saraswati, ba a buɗe su sai ranar goma. Idan abokin karatunka ya hana ka aron littafinsa a waɗannan kwanaki, ba rowa ba ce. Dawo ranar goma da safe bayan sun gama addu'a.