Yadda ake gane asusun sada zumunta da na'ura ta ƙera wa fuska

Kada ka dogara da ido kaɗai. A wani gwaji da masu bincike Sophie Nightingale da Hany Farid suka wallafa a 2022, mutanen da aka nuna wa fuskoki sun dace a kusan kashi 48 cikin ɗari wajen raba ta gaske da ta na'ura. Canki-canka ke nan.

Duk da haka, da hoton ake farawa. Fuskokin manhajar StyleGAN ta kamfanin Nvidia, waɗanda suka bazu tun 2019, suna da wani tabo: idanu kullum a wuri ɗaya suke cikin hoton, domin haka aka daidaita hotunan da aka horar da ita da su. Jera hotunan asusu biyar da kake zargi. In idanun duk sun faɗa layi guda, akwai lauje cikin naɗi. Sai ka buɗa hoton sosai ka duba 'yan kunne ko sun yi daidai, da sandar tabarau ko ta narke cikin gashi, da bayan mutumin ko ya cakuɗe kamar fentin da ruwa ya taɓa. Sabbin manhajoji sun toshe yawancin waɗannan kafofi, har yatsun da ake musu dariya a da.

Saka hoton a Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Nan ake yawan yin kuskure: rashin samun komai ba wanke mai asusun ba ne. Hoton sata yakan fito da asalin mai shi, ƙirƙirarre kuwa ba shi da asalin da za a gano.

Tarihin asusun ya fi fuskar tona asiri. Yaushe aka buɗe shi? A shafukan Facebook akwai sashen da ke nuna ranar buɗewa da sauye-sauyen suna. Mutum na gaske yana fitowa a hotunan wasu, a biki ko taro, wani lokaci ma hoton bai yi masa kyau ba, kuma tsofaffin abokai na zolayarsa da abin da su kaɗai suka sani. Na bogi shi kaɗai yake, kullum tsaf.

In magana ta kai ga kuɗi, nemi kiran bidiyo, ka sa ya juya kai gefe gaba ɗaya, ya wuce da tafin hannu ta gaban fuska. Fuskar da na'ura ta ɗora kan ta wani takan karkace a nan. Wannan ma ba tabbas ba ne. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabannin bogi. Katse, ka kira lambar da ka riga ka sani.

Mai son ƙirƙirar irin wannan asusu don talla ko nishaɗi kuwa, ya rubuta ƙarara a bayanin asusun da kan kowane hoto cewa aikin na'ura ne. Kada ya sa shi ya ce ya gwada kaya, ko ya yi soyayya, ko ya roƙi taimakon jinya. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta wajabta bayyana hoto ko bidiyon da aka haɗa ya yi kama da gaske.